Akuyar Da Ta Dawo Cikin Kayan Aurena

Wasunku sun cika min waya da saƙo, wai Kirista ba ta ramuwa, in bar wa Allah. Na ji. Amma wanda bai sha bulala ba shi ke saurin cewa a yi haƙuri. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi tun daga tushe, in kun gama sai ku yanke min hukunci.

Sunana Edna. Nas ce ni a asibitin dabbobi a nan Kafanchan. Aikina allura, wanke ciwo, da riƙe wa likita ƙafar dabba in zai yi tiyata. Ranar Asabar kuwa ina da aji a wata 'yar firamare da ke bakin gari, ba wanda ke biyana, ni na ɗora wa kaina. Ƙananan yara ne, wasu ko igiyar takalmi ba su iya ɗaurewa ba. Ina koya musu wanke hannu bayan sun taɓa kare, da cewa ba a jan wutsiyar mage, da yadda ake ɗaga fatar idon akuya a duba: in ciki ja ne lafiya lau, in ya yi fari jini ya ƙare, a kira babba.

Muna da akuya guda, tamu ta aji. A bola aka tsince ta bayan kasuwa, ciki kamar ganga, haƙarƙari kana iya ƙirgawa. Mai ita ya ce ya yafe, ba zai ɓata wuƙarsa ba. Likita ya tsaga gefenta na hagu ya ciro leda dunƙule guda, ni na ɗinke fatar da hannuna. Na wanke ledar nan na busar na kai wa yara suka gani. Tun daga ranar ba ka ganin ko ƙyallen leda a filin makarantar, har iyayensu sukan kawo min ƙara wai yara sun hana su yar da ledar ruwa a gida. Su suka raɗa mata Citta, don gashinta kalar busasshiyar citta ne.

Kowane yaro da aikinsa. Wani shara, wani ruwa, wani ganye. Kiran cin abinci na Amatullah ne, 'yar Babayo, Bafulatanin da rugarsa ke bayan rafi tun kafin a haife ni. Yarinya ce siririya, ba ta da yawan magana, amma dabba na ganinta take kwantar da kunne. Takan ƙwanƙwasa cokali a jikin gwangwanin madara, ko Citta na ina sai ta taho da gudu ta cusa mata kai a hammata. Wani in ya karɓi gwangwanin ya buga, ko kallo bai ishe ta ba.

To, ga Gershon. Shi ne mutumin da gidanmu suka ɗauka kamar ruwan sama na farko. Yana safarar masara zuwa Kaduna da farar a-kori-kurarsa, wadda aka rubuta wa "Alherinsa Ya Isa" a goshi da jan fenti. Yana waƙa a kwayar majami'a, yana durƙusa wa Baba har ƙasa, ba ya zuwa hannu rabbana. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Dogo ne, ga wushirya, ga iya dariya. Kallon kitse na yi wa rogo.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, ajin Asabar. Yakan turo min saƙo: "Bebi, yau ma wajen 'ya'yanki da akuyarku? Ni fa yaushe zan samu Asabar ɗina?" Wata rana ya ce matarsa ba za ta riƙa shigowa majami'a da warin bunsuru ba, kuma me ya haɗa ni da 'ya'yan ruga. Na ce yaro yaro ne. Ya yi dariya ya ce zan bari ne da kaina. Mama kuwa kullum waƙarta ke nan, ina cin tuwo tana tsaye a kaina: shekaruna sun ja, ƙannena biyu sun riga ni, wannan ajin shi zai hana ni aure, mace ba ta auren akuya.

Sai wata Asabar na je na tarar da garken akuyar a buɗe, yara tsaye cirko-cirko. Ba Citta. Kwaɗon na rataye lafiyarsa ƙalau, ba a fasa ba, amma a lokacin hankalina bai kai nan ba, don makullin na nan a ƙusar bayan ƙofar ɗakina inda nake rataye shi. Na ce ƙila ban danna da kyau ba. Amatullah ta zagaye makarantar tana buga gwangwani har hannunta ya gaji, ta zauna a ƙasa.

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga. Gershon ya je ya sami hedimasta, ya ce da idonsa ya ga Babayo da igiya a bayan shingen makaranta da sassafe. Ku da kuka san ƙasar nan kun san irin wannan magana ashana ce a busasshiyar ciyawa. Samari suka tafi ruga da sanduna. Allah ya sa dattawa suka tare su kafin a zubar da jini, amma sai da aka farfasa wa matar Babayo ƙoren nono, aka kira shi ɓarawo a gaban 'ya'yansa. Iyaye suka yi taro suka ce a rufe ajin, shi ne ƙofar da ake bi ana leƙen asirin gari. Babayo ya janye Amatullah daga makaranta gaba ɗaya. Na ji ana cewa zai tashi kafin damina.

Gershon ya zo da yamma da tsire a takarda, yana shafa min kafaɗa, wai kada in damu da Babayo, ai dama hali zanen dutse ne. Mama ta ce to, tunda Allah ya raba ni da wahala, sai a sa ranar gaisuwar iyaye. Aka sa.

A wajenmu ango ba ya zuwa sayen awakin gaisuwa, ba ya ma ganinsu sai ranar taro. Aikin kawunsa ne. A ciki kuma akwai guda da ake kira akuyar uwa, ta uwar amarya ce ita kaɗai, ba a yankawa, ba mai iko da ita sai ita. Kawun Gershon, Kawu Leonard, tsohon malamin makaranta ne, yana zaune a Kasuwan Magani. Ana saura 'yan kwanaki ya sauko da awakin a motar haya, aka ɗaure su gindin mangwaron tsakar gidanmu.

Na dawo daga aiki da farar rigata, sai Baba ya ce tunda ga likita a gida, in duba musu lafiya. Na ɗaga idon ta farko, ja ne. Ta biyu ma haka. Ta uku an aske mata gemu, an shafa mata wani baƙin abu a baya kamar rinin gashi, ta rame. Na kai hannu gefenta na hagu, yatsuna suka faɗa kan ɗinki. Jama'a, mai ɗinki ya san ɗinkinsa. Can ƙarshe akwai inda zare ya ƙare min na ƙulla sabo, ya bar ɗan tudu kamar ƙwayar wake. Ga shi nan ƙarƙashin yatsana. Ta juyo ta shinshina aljihuna inda nake sa mata ɓawon ayaba.

Ban yi ihu ba. Shiru ba tsoro ba ne. Na miƙe na yi murmushi na ce wa Kawu Leonard ya iya zaɓe, wacce ce akuyar uwa? Ya nuna ta da sandarsa yana fahariya, wai ita ce mai hankali a cikinsu. Na ce ina so in san ko an yi mata allura, ko zai ba ni lambar wanda ya sayar masa? Ya ba ni da murna, har yana cewa ka ga amfanin auren mai ilimi.

Na shiga ɗaki na kira. Sunan dillalin Eli, mutum mai surutu, tambaya ɗaya amsa goma. Ya ce ya tuna ta sarai, wa zai manta akuya mai ɗinki kamar buhu? Wani saurayi ne mai wushirya ya sauke ta daga farar a-kori-kura mai jan rubutu a goshi, ya ce ta tsohuwarsa ce, yana sauri, ko ciniki bai tsaya yi ba. Na ce wane rubutu? Ya faɗa min.

Na ajiye wayar a kan gado na zauna ina kallon leshin da aka ɗinka min. Gershon ya kai ta nesa inda ba wanda zai gane ta, ya manta a garin kawunsa ya sauke ta. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ina nan zaune sai ga saƙonsa: "Amaryata, kin ga kayan? Sun yi miki?" Na rubuta: "Sun yi ƙwarai. Ban taɓa ganin kyauta irin wannan ba." Ya turo min hoton zuciya har uku.

Da na faɗa wa Baba a ranar, da an shiga ɗaki an rufe ƙofa, manya sun yi ƙus-ƙus, an musanya akuyar, an ce a rufa asiri don sunan gida. Babayo kuma ya tashi da sunan ɓarawo a kansa. A'a. A bainar jama'a aka ɓata shi, a bainar jama'a za a wanke shi. Na ce wa Mama ina so yaran ajina su zo su yi waƙa ranar taro, don in yi bankwana da su. Kalmar bankwana ta yi mata daɗi, ta yarda.

Washegari na hau okada zuwa bayan rafi. Babayo na zaune yana tufka igiya, an riga an kwance bukka ɗaya. Bai ɗago ba sai da na gaishe shi sau biyu. Na faɗa masa abin da na gani, na roƙe shi ya ba ni aron Amatullah da gwangwaninta. Ya ajiye igiyar ya ce, "Malama, in na shiga gidanku a ce na zo leƙen wata akuyar fa?" Na ce ya tsaya a bakin ƙofa, ido kawai nake so ya kawo. Ya ce zai duba. Amatullah na laɓe bayan uwarta, ta riga ta ɗauko gwangwanin ta rungume.

Ranar taro gidanmu ya cika har waje. Kanofi biyu, kujerun roba, tukwanen shinkafa da gwaten acca suna tururi a bayan gida. Mama da matan zumuntar majami'a sun yi ankon atamfa shuɗiya. Ni na sa leshina ruwan zuma, na kafa ɗauri kamar zai taɓa rufi, na sa 'yan kunnen da Gershon ya saya min, na shafa jan baki sosai. Ƙawayena suna cewa ban taɓa kyau irin na yau ba. Na ce a raina, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gershon na zaune a gaba cikin farar shadda, yana kaɗa makullin mota a yatsa, abokansa na zuga shi. Hedimasta na nan, iyayen yara na nan, har da wasu cikin samarin da suka je ruga.

Fasto ya buɗe da addu'a. Dattawa suka yi ta jan magana irin tasu, wai sun ga fure a lambun nan suna so su tsinka. Aka jawo awakin tsakiyar fili. Na saci kallon Gershon. Idonsa ya bi ta farko, ya bi ta biyu, ya sauka kan ta uku, sai makullin ya daina kaɗawa. Ya sake duba, ya juya yana neman fuskata. Na sakar masa murmushin da ban taɓa yi masa irinsa ba.

Sai aka kira yara. Suka shigo a layi da kayan makaranta, suka yi waƙar da na koya musu ta wanke hannu da tsince leda, mutane na tafi suna dariya. A ƙarshen layi Amatullah ce. Na ji ƙus-ƙus ya fara, wa ya kawo 'yar ruga? Na ɗaga mata gira. Ta ɗaga cokali ta ƙwanƙwasa.

Akuyar uwa ta ɗago kai. Ta fizge igiyar daga hannun Kawu Leonard har sandarsa ta faɗi, ta ture teburin lemo, ta ratsa tsakanin ƙafafun dattawa, ta je ta cusa kai a hammatar yarinyar. Yaran suka fashe gaba ɗaya suna kiran Citta, suka yi mata rumfa. Wani ɗan ƙarami ya ɗaga fatar idonta ya juyo yana faɗa min, "Anti, ya yi fari, ba su ba ta abinci ba." Wata ta kamo hannun hedimasta ta ɗora masa a kan ɗinkin.

Kawu Leonard ya fara cewa shi da kuɗinsa ya saya, a kasuwa, da rana tsaka. Na je gabansa na durƙusa kamar 'yar kirki.

"Kawu, kai dattijo ne, kada a tashi daga nan ana cewa kai ka kwance akuyar yara. Kira wanda ya sayar maka, ka sa kowa ya ji."

Gershon ya miƙe ya ce ba wannan ya tara mu ba, a bari sai an watse. Mama ma ta taso da sauri ta riƙe hannun Kawu, tana cewa don Allah a bar kiran nan, abinci na hucewa. Amma tsohon malami ba ya wasa da sunansa. Ya ture hannunta, ya danna lambar, ya ɗora wayar a bakin lasifikar da fasto ya yi addu'a da ita.

Eli bai ba ni kunya ba. Muryarsa ta cika unguwa. Saurayi mai wushirya, farar a-kori-kura, Alherinsa Ya Isa. Har ya ƙara da cewa in an gan shi a gaishe shi, ya bar igiyarsa. Duk taron suka juya suka kalli ƙofar gida, inda motar ke tsaye an wanke ta tas, an ɗaura mata ribon. Kusa da ita Babayo ne tsaye da sandarsa a kafaɗa.

Kawu Leonard ya zauna a hankali ya cire hularsa. Ɗaya daga cikin samarin da suka je ruga ya sunkuyar da kai, wani ya ce, "Kai Gershon, ashe mu ka aika." Gershon na ta buɗe baki, wai wasa ne, wai don ni ya yi, wai ya yi niyyar saya wa yaran wata.

Wata gwaggonsa, don ta ɗinke ɓaraka, ta yi maza ta cika ƙoƙon kunu ta miƙa min, wai a ci gaba, amarya ta nuna mijinta, sauran magana ta cikin gida ce. Al'ada ce, wanda ka ba ƙoƙon ya sha shi ka zaɓa. Na karɓa da hannu biyu. Na taka a hankali, leshina na jan ƙasa, har gaban Gershon. Ya miƙo hannu, idonsa na roƙo. Na tsaya sai da na tabbatar kowa ya ga hannun nan a miƙe. Sannan na wuce shi, na durƙusa a tsakiyar yarana, na ajiye ƙoƙon a gaban Citta.

"Me na koya muku?" na tambaye su.

Suka haɗa baki: "A fara ba wa mai ƙishirwa."

Citta ta shanye tas, ta lashe ƙoƙon. Na cire 'yan kunnen na zuba a ciki na mayar wa gwaggon. Masu cewa in yi nadama, ku ji da kyau: ban taɓa jin sauti mai daɗi kamar lasar ƙoƙon nan ba. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Baba ya tashi ya taka har ƙofar gida, ya kama hannun Babayo ya shigo da shi, ya zaunar da shi a kujerar da ango ya tashi. Hedimasta ya share gumi ya ce a gaban kowa, ajin Asabar na nan, kuma Litinin yana son ganin Amatullah a kan bencinta. Babayo ya ce an kwance bukka ɗaya, amma igiyar ba ta yi nisa ba, ana iya ɗaurawa. Da aka zo kan akuya, dattawa suka ce ta uwa ce, ita za ta faɗa. Mama ta ɗauki igiyar daga ƙasa ta saka a hannun yarinyar, ba ta kalli kowa ba, ta shige kicin. Na ce a raina kunya ce ta auren da ya watse.

Kafin la'asar kanofi ya zama kango, mutanen ango sun kwashe sauran awakinsu. Na shiga ɗaki ina warware ɗaurina, zuciyata fes kamar an wanke. Wayata ta yi ƙara. Gershon ne.

"Kin ci wannan. Amma kwaɗon nan ba fasa shi na yi ba. Ki tambayi Mamanki wa ya miƙo min makulli ta taga."

Na juya a hankali na kalli ƙusar bayan ƙofa. Makullin na nan yana lilo inda na saba barinsa. Ta tagar ina hango Mama a bakin murhu, ta ba ni baya, tana ta goge tukunyar da ta riga ta goge.

Na mayar da ɗaurina na ɗaure tam. Na zare makullin daga ƙusa, na fita tsakar gida, na jawo kujera na zauna daf da ita, na ajiye shi a kan murfin tukunyar.

"Mama," na ce, "bar wankin nan. Zo ki gaya min ta wace taga."